Garkuwar Manyan Ayyuka: Yadda A Ke Tsare Ayyukan Raya Ƙasa Daga Ƙarar Muhalli a Amurka

1. Gabatarwa

A ƙasar Amurka, kafin Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar ruwa, ko ta shimfiɗa babbar hanya, ko ta ba wani kamfani izini ya ratsa dajin hukuma da bututun mai, doka ta wajabta mata ta fara yin bincike, ta rubuta abin da aikin zai jawo wa ƙasa da ruwa da iska da namun daji da mutanen da ke zaune a wurin. Waɗannan abubuwa su ne a ke tarawa gaba ɗaya a ce da su muhalli. In hukuma ta ƙi yin binciken, ko ta yi shi sama-sama, wanda abin ya shafa yana da iko ya kai ta ƙara, alƙali kuwa yana da iko ya tsai da aikin har sai an gyara.

Amma tun daga shekarar 1973 'yan majalisa sun sha ɗaukar wani aiki su fid da shi daga hannun alƙalai, ko su taƙaita abin da alƙali zai iya yi masa. Masu goyon bayan haka su kan ce ƙasa ba ta ci gaba in kowane aiki sai ya yi shekaru a gaban shari'a. Masu ƙinsa kuwa su kan ce dokar da ba a iya kai ƙara a kanta shawara ce kawai, wanda ya ga dama ya bi. Wannan takarda za ta bayyana asalin dokar binciken, da dalilin da ya sa ƙara ke da ƙarfin tsai da aiki, sa'an nan ta bi wasu ayyuka da aka yi wa garkuwa, domin a ga cewa garkuwar iri-iri ce, kuma abin da kowace ta ke ɗauke wa jama'a ya sha bamban da na 'yar'uwarta.

2. Asalin Dokar Bincike

A watan Janairu na 1969 wata rijiyar mai ta fashe a cikin teku kusa da Santa Barbara a jihar Kalifoniya, mai ya malale gaɓa, ya hallaka tsuntsaye masu yawa. A watan Yuni kuma kogin Cuyahoga da ya ratsa birnin Cleveland ya kama wuta sabo da yawan mai da dattin masana'antu da ke yawo a bisansa. Cikin wannan hali ne Majalisar Tarayya ta zartar da Dokar Manufar Ƙasa Kan Muhalli, Shugaba Nikson ya sa mata hannu ran 1 ga Janairu, 1970. A taƙaice a kan kira ta NEPA, sai dai kada mai karatu ya haɗa ta da tsohuwar hukumar wutar lantarki ta Nijeriya, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Ƙasashe da yawa sun kwaikwaye ta daga baya, har da Nijeriya, wadda ta kafa tata da Dokar Soja mai lamba 86 ta 1992.

Dokar gajeriya ce. Jigonta shi ne, duk wani babban aiki na Gwamnatin Tarayya da zai taɓa muhalli ƙwarai, tilas hukumar da ke da alhakinsa ta rubuta cikakken rahoto, ta faɗi illar da aikin zai yi, da illar da ba makawa gare ta, da sauran hanyoyin da a ke iya bi a cim ma bukata ɗaya. Bisa tsarin da aka bi daga baya, a kan fara fid da daftari, jama'a su karanta su yi magana, hukuma ta amsa musu, sa'an nan ta yanke shawara.

Akwai abu biyu da ya kamata a riƙe game da ita. Na farko, ba ta hana hukuma yin aikin da zai yi ɓarna ba. Kotun Ƙoli ta bayyana a 1989 cewa abin da dokar ta hana shi ne a yanke shawara cikin rashin sani. In hukuma ta bincika, ta faɗi ɓarnar a fili, tana iya zaɓen hanyar da wasu za su ga wauta ce. Na biyu, dokar ba ta ambaci kai ƙara ba. Ƙofar kotu ta samu ne daga wata tsohuwar doka ta 1946, wadda ta ba alƙalai iko su rushe hukuncin kowace hukuma in ya saɓa wa doka ko ya rasa hujja. A 1971, a shari'ar tashar nukiliya ta Calvert Cliffs da ke jihar Meriland, alƙali Skelly Wright na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Washinton ya yanke cewa binciken wajibi ne na ainihi, kuma kotuna za su tilasta shi. Daga ranar nan dokar ta yi haƙora.

3. Dalilin da Ƙara Ke da Ƙarfi

In aka duba sakamakon shari'u, hukuma ita ke yin nasara a mafi yawansu. Duk da haka masu manyan ayyuka suna tsoron ƙara, gama makaminta shi ne jinkiri. Babban aiki da bashi a ke yinsa, bashin kuwa yana hauhawa ko ana aiki ko ba a yi. 'Yan kwangila su kan watse, farashin ƙarfe da siminti ya tashi, lokacin shekara da ya dace da aiki ya wuce. Bugu da ƙari, aiki ɗaya ya kan bukaci izini daga hukumomi da yawa, na daji dabam, na ruwa dabam, na namun daji dabam, in aka rushe ɗaya sauran sun tsaya. Sabo da haka mai ƙara na iya faɗuwa a kotu, alhali kuwa aikin ya riga ya mutu kafin a yanke hukunci.

Hukumomi kuma, don gudun a ce sun bar wani abu, sai suka shiga rubuta rahotanni masu kauri. A 2020 majalisar da ke ba Shugaban Ƙasa shawara kan muhalli ta ƙididdige cewa cikakken rahoto ya kan ci kimanin shekara 4 da rabi, ya kuma wuce shafi 600. Wannan ita ce hujjar masu neman garkuwa. Ta ɗaya gefen kuwa, tsoron nan na ƙara shi ne ke sa injiniya ya sāke taswira tun a ofis, ya kauce wa ƙauye ko fadama, tun ba a kai ga alƙali ba. Amfanin da dokar ta yi ta wannan hanya ba ya bayyana a littafin kotu, don ba a rubuta ɓarnar da ba ta auku ba.

4. Bututun Mai na Alaska

Aikin farko da aka yi wa babbar garkuwa shi ne bututun Alaska. A 1968 aka sami mai mai tarin yawa a Prudhoe, can ƙuryar arewacin jihar, inda teku ke daskarewa mafi yawan shekara. Kamfanonin mai suka yi niyyar jan bututu mai faɗin inci 48, tsawonsa mil 800, zuwa tashar jiragen ruwa ta Valdez a kudu. Shirinsu na farko shi ne su binne kusan dukansa, kamar yadda suka saba yi a ƙasashen zafi. Amma ƙasar arewacin Alaska daskararriya ce har can ƙarƙashi, mai kuwa da zafinsa ya ke fitowa daga rijiya. In aka binne bututu mai zafi cikin irin wannan ƙasa, za ta narke ta zama taɓo, bututun ya lotsa ya karye.

A watan Maris na 1970 ƙungiyoyi uku na masu kare muhalli suka kai ƙara, a watan Afrilu alƙali ya ba da umurnin dakatarwa. Bututun da aka riga aka sayo daga Japan ya zauna jibge. A 1972 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fid da cikakken rahotonta cikin kundi da yawa. A watan Fabrairu na 1973 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sāke tsai da aikin, bisa hujjar cewa filin da kamfanonin ke nema ya wuce faɗin da wata doka ta 1920 ta yarda a ba mai bututu. Masu ƙara kuma suna nan kan bakansu cewa ba a auna hanyar Kanada yadda ya kamata ba, watau a bi ta tudu har tsakiyar Amurka, a huta da jigilar mai cikin jirage.

Sai magana ta koma Majalisa. Ran 17 ga Yuli, 1973, Majalisar Dattawa ta yi ƙuri'a kan shawarar a rufe ƙofar ƙara, aka yi kunnen doki, 49 da 49, Mataimakin Shugaban Ƙasa Spiro Agnew ya jefa tasa ya raba gardama. A watan Oktoba ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai, sauran masu jayayya suka yi sanyi, Nikson ya sa hannu ran 16 ga Nuwamba. Dokar ta ce a ba da izini ba tare da wani ƙarin bincike ba, kuma ba wata ƙara da kotu za ta saurara sai wadda ta ce an keta Tsarin Mulki ko an wuce iyakar ikon da dokar ta bayar, ita ma sai an shigar da ita cikin kwana 60. Amma Majalisa ba ta sake su haka kawai ba. Ta ɗora wa masu bututun alhakin biyan diyyar ɓarna ko da ba a tabbatar da sakacinsu ba, ta kuma kafa asusu na dala miliyan 100, a riƙa cire santi 5 daga kowace ganga ana zubawa, domin biyan waɗanda malalar mai daga jirage ta cuta.

Mai ya fara gudu ran 20 ga Yuni, 1977, bayan an kashe kimanin dala biliyan 8. Bututun da aka gina ya bambanta ƙwarai da wanda aka zana tun farko. Fiye da rabinsa, kimanin mil 420, a bisa ginshiƙai ya ke, ga kuma wuraren da aka bar wa garkunan namun daji su wuce. A 2002 girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.9 ta auku daidai inda ya ratsa, bai fashe ba, domin an ɗora shi bisa katakan ƙarfe da ke barinsa ya zame. Shekarun jinkirin nan su suka ba da sararin wannan gyara. A ɗaya gefen kuma, ran 24 ga Maris, 1989, jirgin Exxon Valdez ya ci karo da dutse jim kaɗan bayan ya bar tashar, ya zubar da galan kusan miliyan 11 na ɗanyen mai. Haɗarin da masu son hanyar Kanada suka ji tsoro ke nan, tambayar da aka hana kotu ƙarasa dubawa. Sabo da haka kowane ɓangare yana da abin da zai nuna a Alaska.

5. Madatsar Tellico

Misali na biyu ya nuna wata hanyar dabam. Hukumar Kwarin Tenesi, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1933 don gina madatsun ruwa da samar da lantarki, ta fara gina madatsar Tellico a kan ƙaramin kogin Tenesi a 1967. Manoman da za a tasa da masu kare kogin suka kai ƙara, aka dakatar da aikin daga 1972 zuwa 1973 har hukumar ta rubuta rahotonta. A 1973 ɗin wani malamin jami'a ya gano wani ɗan kifi mai tsawon inci 3 a kogin, wanda a lokacin ba a san shi a ko'ina ba sai nan. Aka sāke kai ƙara bisa sabuwar dokar kare halittun da ke gab da ƙarewa, a 1978 Kotun Ƙoli ta ce kada a rufe madatsar, ko da ya ke an kusa gama ta.

Majalisa ta kafa kwamiti na manyan jami'ai mai ikon yafe wa aiki wannan doka. Abin mamaki, a watan Janairu na 1979 kwamitin ya ƙi yafe wa Tellico, baki ɗaya, hujjarsa kuwa ta kuɗi ce: ya ga amfanin madatsar bai kai abin da za a yi hasara ba. To, sai wakilan jihar suka cusa 'yan layuka cikin dokar kasafin kuɗin ayyukan ruwa da makamashi, waɗanda suka ce a kammala madatsar ko da wace doka ta hana. A Majalisar Wakilai ba a ko tsaya muhawara a kansu ba. Shugaba Jimi Kata ya sa hannu a watan Satumba ba da son ransa ba, a watan Nuwamba aka rufe ƙofofin madatsar. Ruwa ya cinye gonaki, ya kuma cinye kufan garuruwan kabilar Cherokee da makabartunsu, har da Chota, tsohon babban garinsu. Ɗan kifin dai an same shi a wasu koguna daga baya, a 2022 aka cire shi daga jerin halittun da a ke tsoron ƙarewarsu. Kwarin kuwa yana ƙarƙashin ruwa har yau.

6. Bututun Mountain Valley da Iyakar Ikon Majalisa

Mai karatu na iya tambaya, shin Majalisa tana da ikon tsoma hannu cikin shari'ar da ke gaban alƙali? Tsarin Mulkin Amurka ya raba iko uku, na yin doka, da na zartarwa, da na shari'a. Tun a shari'ar Klein ta 1872 Kotun Ƙoli ta ce Majalisa ba ta da ikon gaya wa alƙali hukuncin da zai yanke. Amma a 1992, a wata shari'a kan sare itatuwa a dazuzzukan arewa maso yamma, ta ce Majalisa na iya sāke dokar kanta, ko da ana cikin shari'a, alƙali kuwa tilas ya bi sabuwar. Tsarin Mulki ya kuma bar wa Majalisa ikon tsara hurumin ƙananan kotunan tarayya. Tsakanin umurtar alƙali da sāke masa doka tazarar kaɗan ce, a nan ne masu tsara garkuwa su ke bi.

An ga haka a fili a bututun iskar gas na Mountain Valley, mai tsawon mil 303, daga jihar Birjiniya ta Yamma zuwa Birjiniya. An ba shi izini a 2017, aka fara aiki a 2018. Hanyarsa ta bi ta duwatsu masu gangara da ɗaruruwan rafuka, zaizayar ƙasa daga wurin aikin ta gurɓata ruwa, har a 2019 kamfanin ya yarda ya biya jihar Birjiniya tarar dala miliyan 2.15. Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Richmond ta rushe izinin hukumomi sau da yawa, har da na ratsa mil 3 da rabi na dajin Jefferson, wanda ta rushe a 2018 ta sāke rushewa a 2022.

A 2023 Gwamnatin Tarayya ta kai iyakar bashin da doka ta yarda ta ci, ya zama tilas a zartar da sabuwar doka cikin gaggawa. Da ƙoƙarin Sanata Joe Manchin na Birjiniya ta Yamma aka sa sashe na 324 a cikinta, wanda ya tabbatar da dukan izinin bututun, ya ɗauke wa kowace kotu hurumin duba su, ya kuma ce wanda ke jayayya da sashen kansa sai ya tafi kotun Washinton. Shugaba Baidin ya sa hannu ran 3 ga Yuni. Kotun Richmond ta sāke dakatar da aikin a watan Yuli, ran 27 ga watan Kotun Ƙoli ta ɗage dakatarwar, a watan Agusta kotun Richmond ta kori ƙararrakin, ko da ya ke biyu daga cikin alƙalanta uku sun rubuta damuwarsu kan abin da wannan zai yi wa rabon iko. Gas ya fara gudu a watan Yuni na 2024, bayan kuɗin aikin ya ninka abin da aka ƙiyasta tun farko fiye da sau biyu.

Ita wannan doka ta 2023 ta kuma yi wa NEPA gyara na kowa da kowa: a gama cikakken rahoto cikin shekara 2, kada ya wuce shafi 150, ko 300 in aikin mai sarƙaƙiya ne ƙwarai. Sa'an nan ran 29 ga Mayu, 2025, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan wata hanyar jirgin ƙasa mai mil 88 a jihar Yuta, wadda aka rubuta wa rahoto mai shafi 3,600. Ta ce alƙalai su girmama shawarar hukuma kan zurfin bincike da faɗinsa, kuma ba lalle ne hukuma ta auna illar wasu ayyuka dabam da ba su ƙarƙashin ikonta ba, kamar haƙar mai a can baya ko tace shi a can gaba. Watau kotu da kanta ta rage tsawon hannunta.

7. Kalifoniya: Lokacin da Aikin Gidaje Ne

Duk misalan da suka gabata na mai ne da gas da madatsa, inda a ke ganin mai ƙara shi ne mai rauni. A jihar Kalifoniya al'amarin ya juya. Jihar tana da dokarta ta bincike, wadda a ke kira CEQA, Gwamna Regan ya sa mata hannu a 1970. Ta fi ta tarayya ƙarfi ta fuska biyu. Ta wajabta a rage illa in ana iyawa, faɗinta kawai bai isa ba. A 1972 kuma Kotun Ƙolin jihar ta ce dokar ta shafi ginin 'yan kasuwa ma, muddin yana bukatar amincewar hukuma. Ta haka maƙwabcin da ba ya son bene kusa da gidansa, da ɗan kasuwar da ba ya son kishiya, suka sami makami, a jihar da tsadar gidaje ta addabi talakawa.

Da farko majalisar jihar ta riƙa yin garkuwa ɗaiɗai. A 2013, alal misali, ta yi doka don filin wasan ƙwallon kwando na birnin Sacramento, ta ce a gama shari'arsa cikin kwana 270, ta kuma ƙuntata wa alƙali ikon dakatar da ginin. Mutane suka ce, ashe mai kuɗin da zai iya kai kukansa majalisa shi ke samun sauƙi, mai gina gidajen haya kuwa sai ya bi layi.

Abin da ya girgiza jama'a ya faru a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Wata ƙungiyar maƙwabta ta kai ƙara cewa jami'ar ta ƙara yawan ɗalibai ba tare da binciken illarsa ba. A 2021 alƙali ya ce a tsai da adadin inda ya ke, a farkon Maris na 2022 Kotun Ƙolin jihar ta ƙi ɗage umurnin, jami'ar ta ce za ta rage ɗalibai kimanin 3,000 daga waɗanda za ta ɗauka. Cikin kwana 11 majalisa ta zartar da doka, Gwamna Newsom ya sa hannu ran 14 ga Maris: ƙarin ɗalibai shi kaɗai ba aiki ne mai bukatar bincike ba, kuma in an sami kuskure a ba jami'a wata 18 ta gyara. A 2023 wata kotu ta tsai da ginin ɗakunan kwanan ɗalibai 1,100, ɗaya daga cikin hujjojinta kuwa ita ce ba a auna hayaniyar da ɗaliban za su yi ba. Majalisa ta sāke yin doka cewa hayaniyar mazauna gida ba illar muhalli ba ce. Daga bisani, ran 30 ga Yuni, 2025, aka bar facin ɗaiɗai aka yi ƙa'ida ta gaba ɗaya: mafi yawan gidajen da za a gina a cikin gari, a fili wanda bai wuce eka 20 ba, an fid da su daga binciken in sun bi tsarin gine-ginen garin. Aka kuma yafe wa wasu ayyuka, kamar gidajen renon yara da ƙananan asibitoci da wasu masana'antu, wannan na ƙarshe kuwa ya jawo suka daga masu kare unguwannin talakawa.

8. Awon Garkuwa

Daga abin da ya gabata ana iya rarrabe garkuwa iri huɗu. Akwai wadda ke gajarta lokaci, kamar kwana 150 da aka ba mai ƙarar aikin babbar hanya, maimakon shekara 6 da doka ta saba bayarwa. Akwai wadda ke rage ikon alƙali, ya faɗi kuskure amma kada ya tsai da aiki nan take, kamar ta Berkeley. Akwai wadda ke fid da wani rukunin ayyuka daga bincike, kamar gidajen Kalifoniya. Akwai kuma wadda ke rufe ƙofar kotu ga aiki guda, kamar ta Alaska da ta Mountain Valley. Biyun farko sun bar wa mai kuka inda zai kai kukansa, sai dai ya yi hanzari. Biyun ƙarshe sun raba shi da wurin.

Wanda zai auna kowace garkuwa yana da tambayoyi huɗu da zai yi. Ta farko, ƙa'ida ce da ta hau kan kowa, ko kuwa riga ce da aka ɗinka wa mutum ɗaya? Garkuwar aiki guda ta kan bi ƙarfin wanda ke bayan aikin, kamar yadda aka gani a Tellico, inda aka ceci madatsar da kwamitin Gwamnati ya riga ya ce hasara ce. Ta biyu, a fili aka yi ta ko a ɓoye? Ta Alaska an yi mata muhawara har aka yi kunnen doki, ta Tellico da ta Mountain Valley kuwa an goya su ne a bayan dokokin kuɗi waɗanda da wuya a ƙi su. Ta uku, me aka ajiye a madadin abin da aka ɗauke? A Alaska an ɗora diyya da asusu, a Kalifoniya an bar tsarin gine-ginen gari ya tsaya a matsayin binciken. Ta huɗu, in an yi kuskure, ana iya gyarawa? Ɗakin kwanan ɗalibai in ya yi hayaniya ana iya sa masa doka, amma makabartar da ruwa ya rufe ba ta dawowa.

9. Kammalawa

Jinkiri yana da waɗanda ya ke cuta, garkuwa ma tana da nata. Waɗanda jinkiri ke cuta yawanci ba a ganinsu a kotu, don ɗalibin da ba a ɗauka ba tukuna da mai neman gidan da ba a gina ba ba su da sunan da za a rubuta a takardar ƙara. Waɗanda garkuwa ke cuta kuwa sanannu ne, ana iya ƙirga gonakinsu da rijiyoyinsu a kan taswirar aikin, sai dai su kaɗan ne, ƙuri'arsu ba ta girgiza majalisa. Daga 2023 zuwa 2025 Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli da majalisar Kalifoniya duka sun karkata wajen rage ƙarfin ƙara. Ko wannan zai haifi alheri ya dogara ga ko hukumomi za su ci gaba da yin bincike na gaskiya bayan tsoron alƙali ya ragu. Bututun Alaska yana tsaye bisa ginshiƙansa ne domin an tilasta wa injiniyoyi su sāke tunani tsakanin 1970 da 1973, tun kafin Majalisa ta rufe ƙofa. Da a ce an yi masa garkuwar a 1970, da shirin binne shi ne aka bar wa kamfanonin da ma'aikatar su sasanta tsakaninsu, ba mai tsai da su.